Wanzamin da ya ƙi yi mini ƙaho

"Jijiyar ta buɗe, gudan jinin ya narke."

Wallahi da likita ta faɗi haka ɗazu, da wandona a naɗe na diro daga gadon ɗaukar hoto ina rawa. Nas sai dariya take yi!

Wata uku ke nan da fara abin. Ɗinkin Sallah ya zaunar da ni a kan keke tun safe har magariba, sai sharaɓata ta hagu ta kumbura, ga zafi. Na ce mataccen jini ne, na ɗingisa wajen Baba Wanzam na layinmu a unguwar Briqueterie ya kafa mini ƙaho.

Ya taɓa ƙafar, ya mayar da ƙahonsa jaka.

"Miƙo tef ɗin da ke wuyanka."

Ya auna dama, ya auna hagu. Hagu ta ɗara da santimita uku.

"Ɗana, kullum kana auna mutane, ba ka taɓa auna kanka ba? Wannan ba aikina ba ne. Tafi asibiti yanzu, kuma kada kowa ya yi maka tausa."

A can aka yi mini eko, wato hoton cikin ƙafar, aka ga jini ya daskare a jijiya. Likita ta ce da an murza, yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Ta ɗora ni kan maganin tsinka jini da doguwar safa mai matsewa, ta ce in riƙa tashi ina takawa.

Yanzu ga ni da ƙunshin tsire zan kai wa Baba, da ƙafata, ba ɗingishi!

Jama'a, wa ya taɓa cetonku da "wannan ba aikina ba ne"?