Yadda Malam Nu'umanu Ya Bar Ladanci

Malam Nu'umanu ya gaji ladanci a hannun mahaifinsa, a ƙaramin masallacin unguwarmu a Daura. Sana'arsa wankin hula ce, amma kowa Ladan yake ce masa. Muryarsa ba wani zaƙi gare ta ba, gaskiya ɗaya ce, sai dai ba ta taɓa makara ba. Ni maƙwabcinsa ne, Suhaibu, direban bas tsakanin Daura da Kano.

Ciwon ya shigo masa ba sallama. Ba rasuwa aka yi masa ba, ba asara ya yi ba. Mutum dai ya rage cin abinci, ya daina hira, masu huluna suka gaji da jira suka kwashe kayansu. Wata azahar ya tsaya gaban lasifika, ya kai hannu kunne, ya yi shiru har jama'a suka fara leƙowa. Sai ya sauke hannun ya koma gida ya kwanta. Yazid tela ya riƙe masa kiran kafin ya ji sauƙi.

An yi rubutu, an yi tofi. A asibiti suka ce ciwon damuwa ne, suka yi ta canza masa ƙwayoyi. Wata ta sa shi ƙiba, wata barci kamar kasa, wata ta busar masa da baki, babu wadda ta tashe shi. Matarsa Zaituna ta roƙe ni in riƙa kai shi Kano, tunda hanyata ce.

A can wata likita, Dakta Siddiƙa, ta duba tarihin magungunansa ta ce, "Malam, akwai wani ana ce masa ketamin. Asalinsa na sa barci ne a ɗakin tiyata, amma kaɗan daga cikinsa yana taimakon wasu da ƙwayoyi suka gaza a kansu. Ba kowa yake yi wa aiki ba, in ma ya yi yakan saki mutum, sai an maimaita. Yana hawar da jini, don haka a nan kaɗai za a sa maka a ƙarin ruwa, muna lura da kai. Kuma kanka zai juya na ɗan lokaci."

"Zan koma kiran salla?" Abin da ya tambaya ke nan kawai.

"Muna fata," in ji ta.

Bayan zuwa na biyu, muna dawowa, daidai Kazaure ya ce in tsaya a saya masa dafaffiyar gyaɗa. Wallahi saura kaɗan in faɗa rami! Mutumin da sai an yi da gaske yake haɗiye kunu. Ya cinye tas, har yana yi wa mai gyaɗar ƙorafin gishiri.

Da muka iso gida fasinja suka watse, ya ƙi sauka. Ya ce, "Suhaibu, da ruwan nan ya shiga jikina na hangi ƙafafuna can nesa kamar ba nawa ba. Ban san gabas ba, ban san yamma ba. Kuma na ji daɗi. Daɗin ne ya tsorata ni. Wannan ai maye ne."

Na ce masa magani ne. Ya ce ni direba ne, ba malami ba. To, na ja shi wurin Liman Ɗantsoho. Liman ya saurara ya ce, "Likita ce ta sa maka, ba a bayan tasha ka saya ba. Lalura ce. In hankalinka ya dawo ka yi alwala ka yi sallarka."

Ya ce, "Na gode, Allah gafarta Malam." Amma da ranar komawa ta zo ya ƙi shiga mota. Kafin wata ya zagayo ya sake kwanciya, fuska ga bango. Zaituna ce ta tsaya a kansa, ina jiyo ta ta katanga: "Malam, Liman ya halatta, kai ka haramta? Ni ka bari da gawa mai numfashi?" Washegari na same shi a jikin bas yana jirana.

Ya ci gaba da zuwa, ana ƙara tazara tsakanin zuwa da zuwa. Ba warkewa ya yi sarai ba, akwai ranakun da yake wuni a ɗaki, amma ya koma sana'arsa, ya koma sahun gaba. Wata la'asar Yazid ya kunna lasifika ya miƙa masa, jama'a na murmushi.

Malam Nu'umanu ya mayar da hannayensa baya. "Riƙe abinka, Yazid."

Raina ya ɓaci ƙwarai. A waje na tare shi na ce, "Haba Ladan! Duk wannan zirga-zirgar ba don wannan muka yi ta ba?"

Ya ce, "Na karɓi maganar Liman, ina karɓar maganin don raina. Sallata tawa ce ni kaɗai, Allah ya san lalurata. Kira kuwa na jama'a ne. Ba zan kira su da bakin da jibi, in an sa mini ruwan nan, ba zai san sunan mai shi ba."

Liman ya yi masa magana, ni ma na yi har na gaji. Har yau ina kai shi Kano in lokacinsa ya yi. Idan Yazid ya ɗaga murya, Malam Nu'umanu yakan dakata da abin da yake yi, ya riƙa amsawa a hankali kamar kowa.