Batakarin da aka karrama ni da ita

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Bawku, ƙungiyarmu ta malamai ta zaɓe ni cikin waɗanda za ta karrama saboda sun zauna a bakin aikinsu lokacin da garin ba lafiya. Gaskiya ba jarumta ce ta zaunar da ni ba. Na nemi canjin wurin aiki har na gaji, ba a ba ni ba. Amma tunda an ce jarumi, ban yi musu ba.

A Yendi aka yi taron. Mahaifiyata ta rufe rumfar doyarta a Salaga ta taho, ta samu kujera a gaba kamar ita ce shugabar ƙungiyar. Da aka kira ni, dattawa biyu suka zura mini batakari, wato babbar rigar saƙi ta mutanen arewa, mai nauyi da faɗi, kamar yadda ake yi wa duk wanda aka girmama. Aka kuma miƙo mini allon katako mai ɗauke da sunana. Na jefa shi cikin babban aljihun rigar don in samu hannun gaisawa.

A tasha mahaifiyata ta riƙe mini hannu ta ce, "Kada ka cire rigan nan a hanya. Ka shiga Bawku da shi, mutanen da ka wahala dominsu su gani."

Na ce, "To, Mma."

Na sani sarai cewa a lokacin an hana saka batakari a Bawku, domin ana ɓoye makami a ƙarƙashinta. Niyyata in mun wuce Nalerigu in cire ta in cusa a jaka, Mma ba za ta sani ba. Amma na ci tuwo na ƙoshi a wurin taro, ga iskar mota, ga daɗin yabo. Barci ya kwashe ni.

Tsawa ce ta tashe ni. Motarmu na tsaye a shingen sojoji na bakin gari, da la'asar, fasinjoji duk sun sauka sun ja gefe guda. Ni kaɗai na rage a ciki. Wani soja matashi yana tsaye a ƙofa, bakin bindigarsa na kallon ƙirjina.

"Kai, mai batakari! Sauka! Hannu sama!"

Na sauko. Ina ɗaga hannaye rigar ta ja jikina, allon nan ya turo ta gefen cikina, dogo, mai tauri. Na ga idon sojan ya sauka a wurin. Ya ja da baya, na ji ƙarar ƙarfe, ya gyara bindigar.

"Mene ne wannan a ciki?"

Na buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ni da nake cika aji da surutu tun safe har a tashi. Sai hannuna na dama ya fara sauka da kansa, wai zai ciro allon ya nuna masa.

"Ticha, kada ka taɓa!" Wata hajiya ce mai sayar da hatsi, cikin fasinjoji, ta ƙwala ihu. "Bar hannunka a sama, don Allah!"

Na mayar da hannun. A lokacin na lura sojan ma a tsorace yake, kuma wannan ya fi komai tsorata ni. Na yi kalmar shahada a zuci. Abin da ya zo mini shi ne Mma tana cikin motar Salaga yanzu, tana ba maƙwabtan kujerarta labarin ɗanta.

Hajiyar ta matso a hankali, tafukanta a buɗe. Ta ce, "Ofisa, ticha ne. Shi yake koya ma jikana. Bari ni in cire maka abin, in bindiga ne ka fara da ni."

Wani babbansu ya ƙaraso, ya ɗaga mata kai. Ta zura hannu a aljihuna ta zaro allon, ta ɗaga shi sama kamar mai tallan faranti. Babban ya karɓa ya karanta, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai ne aka ba lambar zama a Bawku, kuma ba ka san dokar Bawku ba?"

Na ce na sani, barci ne. Ya sa na tuɓe rigar a gaban kowa, na naɗe ta, ya yi mini faɗan da ban taɓa yi wa ɗalibi irinsa ba, sannan ya ce mu tafi. Muka koma mota muka shiga gari. Hajiyar ta miƙo mini ruwa.

Da yamma Mma ta kira. "Ka shiga da shi? Sun gani?"

Na ce, "Sun gani, Mma. Sun gani sosai."

Har ta rasu ban gaya mata sauran ba. Yanzu na dawo Salaga da aiki, kuma nakan saka rigar ranar Sallah, domin ita. Sai dai batakari ba ta shiga jiki sai mutum ya ɗaga hannaye biyu sama. Duk ranar da na ɗaga su, kaina na cikin rigar, sai na ji gabana ya faɗi, ina jiran muryar hajiyar nan.