Keken da Ke Jiran Hauwa Ta Girma

Kakata Goggo Asabe da masifa take yin tatsuniya. Bayan an ci tuwo a gidanmu na Taba, mukan kewaye murhu tana gasa mana masara, sai ta ce, "Ga ta nan, mai gyangyaɗi ya tashi ya ba mu wuri."

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta keken Gizo. Na taɓa cewa ai a zamanin Gizo babu keke. Ta ce, "Ke kika haife shi?"

Wai Gizo, gajere kamar turmi, ya je kasuwar Makarfi a haɗa masa keken ɗauko rake daga fadama. Mai haɗawa ya ce ya tsaya firam na tsakanin ƙafafunsa, in ƙarfen tsakiya ya tokare shi, to ya yi masa girma. Gizo ya ce irin na Raƙumi yake so, kada a raina shi a gari. Aka nuna masa taya mai kauri mai haƙora, wadda ke kama laka. Ya ɗauki siririya mai ƙyalli. Yana shiga taɓo taya ta nutse, ya miƙa ƙafa bai sami ƙasa ba, rake ya bi shi ya danne.

"Ƙoƙi ta sha gasa masa ƙugu har damina ta wuce!" Goggo takan faɗi wannan da ƙarfi, tana kallon ɗakin kakanmu. Shi kuwa sai ya ƙara muryar rediyo. Sai da na girma na haɗa tatsuniyar da ɗingishinsa. Ashe abin da ba ta iya gaya wa miji a fuska ne take ɗora wa Gizo.

Bana 'yata Hauwa ta shiga sakandare, hanyar kuwa ta fadama ce, ba ta biyuwa a ƙafa kullum. Babanta ya sa aka haɗa mata keke: firam na ƙaton namiji, taya ta kwalta. Ni ban tsaya tatsuniya ba.

"Malam, ƙafar yarinyar nan da ƙyar take taɓa feda."

"Ai za ta girma."

Haka muke. Riga a saya da girma, takalmi a cusa tsumma, yanzu har keke! Wallahi abin ya ishe ni. Riga ba ta kayar da mutum a kwazazzabo.

Hauwa ta faɗi, ta gurɗe hannu, ta ce ba ta ƙara hawa. Na roƙa a sauya firam da taya, ya ce sai bayan girbi. Goggo ta yi a kaikaice, ni na yi kai tsaye, duk ɗaya.

Keken yana jingine a zaure, ana goge masa ƙura. Jiya 'yan ajin Hauwa suka fara jarrabawa, ita tana tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da hannu ɗaya.