Auren da Ƙanena Ya So Kaiwa Bakin Gulbi

Na ga aure a ƙasashe da dama. A Ikko na ga Yarabawa sun tare titi da kujeru, dangi duk cikin yadi iri ɗaya. A Jidda maza na gefe suna kurɓar gahawa shiru kamar an zo ta'aziyya. Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na Takoradi, inda na yi aikin tafinta a tashar jiragen ruwa. Wani Bature ne ya yi aurensa a bakin teku, kan rairayi. An kafa farar rumfa, amarya ta zo da riga mai jan ƙasa, ango ya riƙe hannunta gaban jama'a, iska na neman ƙwace wa fadan coci littafinsa.

Da na dawo gida Tambuwal, a ranin da ya biyo bayan samun mulkin kai, na ba da labarin a zaurenmu don a yi dariya. Kowa ya dara, ban da ƙanena.

Ƙanen nan nawa akawu ne, ya yi makarantar midil, yana da keke da agogon hannu. An riga an ba shi wata yarinya a wani ƙauye kusa da Kebbe, 'yar wani dattijo mai noma da kiwon shanu, har an sa rana. Yana sonta so na gaske. Mutumin da ke ganin nisan masallacin unguwa, sai ga shi yana taka keke har can don a gaisa ta bayan darni.

Da jama'a ta watse ya matso kusa da ni.

"Yaya, mu ma haka za mu yi."

"Ina tekun?"

"Akwai gulbi bayan garinsu. Ruwa ya janye, rairayi fari tas. Turawa sun ba mu ƙasarmu, mi ar rage? Rairayin ma namu na."

Na tuna masa cewa a wurinmu ango ba ya zuwa ɗaurin aurensa. Ɗakin aboki yake ɓuya, amarya kuma tana ƙurya a lulluɓe. Waɗanda za su hau rairayin su ne liman da tsofaffi da ƙwaryar goro.

"Tsofaffi za ka gasa ga rana, kai kana inuwa," na ce masa.

Ya ce ya yi wannan tunanin, zai laɓe cikin ciyawar gamba ya riƙa leƙowa.

Bai gaya wa surukai ba, wai sai komai ya kammala su ga abin da idonsu. Ya sayo farin yadi na rumfa, ya yi magana da mai hoto a Sakkwato. Wata safiya ya nufi bakin gulbin don duba wuri, a hanya ya ga farin rago mai kyau ya saya don walima. Da ya isa ya ɗaure ragon a turke, ya kafa sanduna ya rataya yadin don ya ga inda iska ke kaɗawa. Daga nan ya shiga kai da kawowa shi kaɗai, yana gwada jawabin da zai rubuta wa abokinsa ya karanta, da Turanci, da ɗaga hannu.

Mata na wanki a ƙetare suna kallo.

A Takoradi da cewa za a yi mutum na shirin biki. A ƙasarmu kuwa, farin rago da farin ƙyalle da bakin ruwa da mutum yana wani yare shi kaɗai, fassararsu ɗaya ce: ana ba aljanun ruwa hakkinsu. Kuma kowa ya san yarinyar da yake nema. Kafin la'asar ƙauye ya gama yanke hukunci cewa yarinyar na da iskoki, ango na lallashinsu a ɓoye kafin tarewa. Har aka sami wadda ta tuna ta taɓa ganinta ta faɗi a bakin rijiya.

Uban yarinyar ya aiko a zo a kwashe kayan aure. Ƙanena ya faɗo mini ko hula babu, sai na hau kekensa na tafi.

Dattijon ya karɓe ni a zaure da gaisuwa gajera, ko ruwa ba a kawo ba.

"Alhaji, ɗiyata lafiyarta lau," ya ce. "Ga ƙannenta mata na tasowa. Wa za shi neme su yanzu?"

Na shiga bayani. Na yi tafinta tsakanin Baturen jirgi da Bafanten Takoradi da Balarabe, ban taɓa shan wuya kamar ranar nan da nake magana da harshen uwata ba. Na koma Fulatanci, tunda yana ji, abin bai ƙara haske ba.

"Su mutanen nan ba su da gidaje?"

"Suna da su, Baba, har da benaye."

"Uban ɗiyar ya rasu?"

"Yana nan. Shi ma yak kawo ta."

"Yana da ƙofar gida, yab bari anka ɗaura auren ɗiyatai inda mata ka wanki?"

Na ce haka suke yi, kuma suna ganin ya fi kyau. Sai ya ce:

"Ke nan ba aljanu ba na. Wauta ta."

"Boko na, Baba."

Ya ce ko mene ne, maganar ta riga ta shiga kasuwa, can za a kashe ta. Sharaɗinsa ɗaya: ranar kasuwar Kebbe sanƙira ya zagaya ya faɗa wa duniya gaskiyar abin, ƙanena kuma ya bi bayansa da ƙafa, kowa ya gan shi. In an yi haka aure na nan, a ƙofar gidansa.

Da na kawo saƙon, ƙanena ya ce, "Yaya, ni fa akawu na. Mutanen ga gabana suka durƙusawa ofis. Gobe da wace fuska nika dubansu?"

Na ce fuska ko yarinya, ya zaɓa. Ya zauna yana juya agogonsa har aka kira salla. Da muka fito masallaci ya tambaye ni yaushe kasuwar ke ci.

Sanƙiran nan bai taɓa samun aiki mai daɗin wannan ba. Ya fara daga 'yan hatsi ya bi ta rumfar mahauta, murya kamar kakaki.

"Jama'a ku saurara. Ɗiyar wane lafiyarta lau, ba ta da iska ko ta fifita wuta. Ga mai lalurar nan bayana. Karatu na yay yi mishi yawa, yas so a ɗaura mishi aure cikin gulbi kamar ƙwado."

"Bakin gulbi," in ji ƙanena a hankali.

"Kun ji, har yanzu bai sake shi ba."

Ban ga wanda ya yi masa ihu ba. Tausayi aka yi ta yi. Wata tsohuwa mai daddawa ta miƙa masa ɓarin goro, ta ce jikanta ma an sa shi makaranta, Allah ya kiyaye. Ƙanena ya karɓa da hannu biyu ya ce amin. Haka ya gama zagayen, gumi har gwiwa, bai tsallake rumfa ko ɗaya ba.

An ɗaura aure a ƙofar gidan dattijon, kan tabarmi, ni ne wakilin ango. Ƙannen amarya duk sun yi aure a kan lokaci. Surukin nan kuwa ya riƙe ƙanena da mutunci har ƙarshen ransa, sai dai duk sa'ad da ya je gaishe shi, bayan an tambayi gida da aiki, yakan rage murya ya ce, "Malam, ya jikin?"

Ƙanena kuma ya sunkuyar da kai ya ce, "Da sauƙi, Baba."