Maganin da Ba Ya Warkarwa

A shekarata ta biyu a makarantar koyon jinya aka fara mana darasin magunguna, da Faransanci. Da la'asar in ɗan kilando, wato mai babur ɗin haya, ya sauke ni a ƙofar gidanmu a unguwar Paris-Congo, sai in tarar da Baba a zaure, ya dawo daga shagonsa na ɗinki a unguwar Bololo. Yakan sa ni in karanto masa abin da aka koya mana. Sunayen ba sa zama a bakinsa. Ya kama ɗaya ya murɗe shi, ya yi ta dariya har da tari.

"To uwata, wannan me yake yi?"

"Yana sauke hawan jini, Baba."

"Madalla. Kowa da aikinsa."

Da damina ya fara ramewa. Ya bar tuwo ya koma kunu, kunun ma sai an yi lallashi. Idanunsa suka yi ɗorawa. A labtan, kamar yadda muke kiran asibiti, likita ya ga farar rigata ya ja ni gefe. Ya ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya riga ya bazu. Ya rubuta morfin.

Ba a daɗe da koya mana shi ba. Malamarmu ta ce a lura da numfashin majinyaci, a san yana ɗaure ciki, kuma in an kai wannan matakin ba warkarwa ake nema ba, sauƙi ake nema. A ranar darasin, yunwa nake ji, ina rubutawa ina hamma.

Ni na riƙa ba shi a gida, don Inna ba ta iya auna shi ba. Wata safiya ya riƙe min wuyan hannu kafin in kai masa cokali.

"Wannan fa? Ba ki faɗa min aikinsa ba."

Inna tana bakin ƙofa tana girgiza min kai. Na dube ta, na dube shi.

"Yana ɗauke zafi ne, Baba."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ya saki hannuna. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Ba ni." Ya sha, ya ce a kira ƙaninsa daga unguwar Chagoua, akwai kayan mutane a shago da ya kamata a mayar musu.

Inna ta yi kwanaki ba ta yi min magana ba. Amma a kwanakin nan ne ya gana da duk wanda yake so, ya yi barci ba nishi. Ya rasu ana saura kaɗan azumi, da hantsi, ina ƙirga numfashinsa kamar yadda aka koya min.

Bayan sadakar bakwai na koma makaranta. An wuce babin morfin, an shiga magungunan yara. Wata ƙawata ta janye jakarta daga kan benci, na zauna.