Yadda Agogon Alhaji Ya Sauke Ni Daga Ofishin Jarrabawa

Edita, a lokacin da wannan abu ya same ni, ni malamin Turanci da adabi ne a wata makarantar kuɗi da ke unguwar Maamobi a Accra, kuma ni ke riƙe da ofishin jarrabawa. Kujera ce mai daraja a 'yar duniyarmu: ɗaki mai makulli, tsohuwar kwamfuta a kan tebur, da doka cewa ba mai taɓa ta sai ni, domin makin yara duk a cikinta yake. Na koyar da iyayen wasu ɗalibaina. A trotro ma, motar hayar da ke zuwa unguwar Madina, nakan gamu da mai gemu ya rusuna ya ce mini Masta ina kwana.

Mai makarantar wani Alhaji ne da ya yi suna a fataucin shanu. Shi ya shigar da mu wata ƙungiyar makarantu mai ofishi a Accra New Town. Surukinsa, wanda ya zama mataimakin hedimasta jim kaɗan bayan ɗaurin aure, ya tara mu ya bayyana sabon tsari: sunan kowane malami da kalmar sirrinsa suna cikin babbar na'ura guda a can ofishin, kuma kowace kwamfuta sai ta tambayi can kafin ta buɗe wa mutum. Injiniyan ƙungiyar ya zo ya haɗa kwamfutocin, ya ci waakye, wato shinkafa da wake, ya tafi. Washegari kowa ya shiga tasa, ban da ni.

Na rubuta sunana da kalmar sirri, allon ya ce ban yi daidai ba. Na sake a hankali, da yatsa ɗaya, kamar ɗan aji ɗaya. Na duba ko maɓallin manyan baƙaƙe a kunne yake, na girgiza wayar intanet, na kashe na kunna. Aka sauya mini kalmar sirri, aka sake sauyawa, har matar da ke amsa waya a ofishin ƙungiyar ta fara gane tarina. Sai na zauna a kwamfutar sakatariya na gwada, nan take ta buɗe. Na je wurin surukin da hujjar da ko ɗalibin aji uku zai gane: idan suna ɗaya da kalma ɗaya sun buɗe wannan sun kasa buɗe waccan, laifin na waccan ne. Ya yi murmushi ya ce Baba Masta ya yi haƙuri, na'ura ba ta ƙarya, wataƙila a ɗakina hasken ne bai ishi idona ba. Na ce ya zo ya gwada da nasa sunan. Ya ce shi mai bin doka ne, ba ya taɓa kwamfutar jarrabawa. Na ce a kira injiniya. Ya ce ba a taso mutum daga New Town saboda mantuwar dattijo.

Hutu ya matso, sakamako bai fito ba. Iyaye mata suka fara tsayawa a bakin ƙofa suna tambaya da Hausa da Tiwi a haɗe ko Masta ya cinye makin ne. A ɗakin malamai wani ya ba ni shawarar in riƙa cin zabibi da safe, wai yana gyara ƙwaƙwalwa. Daga ƙarshe Alhaji ya kira ni, ya yabi shekarun da na yi, ya ce zamani ya sauya, ya karɓi makullin ya miƙa wa wani matashin malamin lissafi.

Matashin ya shiga ɗakin da safe, ya rubuta sunansa, allon ya faɗa masa abin da ya daɗe yana faɗa mini. Kafin azahar injiniya ya iso. Babu wanda ya yi zancen haske, babu wanda ya ambaci zabibi. Injiniyan ya duba, ya tambayi wanda ya taɓa agogon kwamfutar. A makarantarmu kowa ya san amsar. Alhaji ya tsani latti, don haka kowane agogo na makarantar yakan tura shi gaba da rubu'in awa da hannunsa, kuma tun shekarun baya ya sa aka yi wa tsohuwar kwamfutar haka, aka hana ta gyara kanta, don ta dace da ƙararrawar jarrabawa. Sabbin kwamfutocin bai kai gare su ba tukuna. Ita kuwa babbar na'ura, in ji injiniyan, ba ta yarda da kwamfutar da lokacinta ya saɓa da nata, sai ta ƙi buɗewa, komai daidaiton kalmar sirri. Alhaji ya saurara, ya ce to a gaya wa na can su ma su gyara nasu, su ne a baya.

Na jira a maido mini da makulli. Alhaji ya ce tunda an riga an sanar da naɗin matashin, sauyawa za ta zubar da mutuncin makaranta. Nawa mutuncin bai shiga lissafi ba. Na koma aji da allina, matashin nan kuma yakan zo ya tambaye ni yadda ake tsara sakamako, ina nuna masa, domin yaran ba su yi mini laifi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na yi ta kawo hujja cikin ladabi, ina zaton hujja na da nauyi ko daga bakin wa ta fito. Malamai 'yan'uwana, musamman masu furfura, idan an kawo sabon tsari kwamfuta ta ƙi ku, ku duba agogonta tukuna. Sannan kada ku yarda a tattauna shekarunku sai wanda ke zargin ku ya zauna a kujerar, a gaban shaidu, ya rubuta nasa sunan.