Muryar Anti a Ɗakin Gwaji

A shekarata ta biyu a kwalejin da na yi a Kafanchan aka haɗa ni aikin gwajin lantarki da wata mata da ta girme mu duka. Anti muke ce mata. Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa take shigo bas kowace safiya, tana da 'ya'ya biyu, ga ciki ya fara nauyi. A zumuntar mata ta ikilisiyarsu ita ke ɗaga waƙa, kuma bakinta ba ya hutawa. Ko waya take ɗaurawa sai ka ji tana rerawa ƙasa-ƙasa.

Gwajinmu na farko na cika kafasita ne, ɗan gwangwanin nan mai adana wuta. Za a haɗa shi da batir, allurar mita ta tashi da sauri, daga baya ta dinga rarrafe. Ni na riƙe agogo ina kiran daƙiƙa goma-goma, ita tana duba allura tana rubutawa. Sau uku muka maimaita, don ta ce ina kiran lokaci kamar mai gudun ruwan sama.

Mai kula da ɗakin gwajin wani dattijo ne Ibo, ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa, haifaffen garin, Hausarsa ta fi tawa. Ba ya yawan magana. Ranar da muka fara gwajin da malamai ke kira rezonans, shi ya jona mana kafasita da naɗin waya da ƙaramar lasifika. Ya ce mu riƙa juya maɓallin na'ura a hankali, sauti zai yi ta sirancewa, akwai wuri guda da zai fi ƙarfi, shi za mu nemo.

Sauran ɗalibai suna ta leƙen mita. Anti ta rufe ido, ta ce in juya. Ina juyawa tana bin sautin da hanci, can ta ɗaga hannu.

"Tsaya nan, ƙanwata. Kin wuce kaɗan, dawo."

Na dawo. Allura tana can ƙololuwa. Dattijon ya zo ya duba, ya dube ta, ya ce shekarunsa da yawa a ɗakin bai ga wanda ya samo shi da kunne ba. Ta yi dariya, ta ce daidai muryar da matan zumunta ke fara waƙar baiko, wato sadakar coci, ke nan. Lokaci ya ƙare mun cika rabin jadawali kawai. Ta bar mini littafinta, ta ce ranar Talata mu ƙarasa.

Ranar Litinin wata 'yar ƙauyensu ta same ni a bakin aji. Naƙuda ta zo wa Anti kafin lokaci, jini ya ƙi tsayawa, kafin a sami mota zuwa gari ta cika. Jaririn ma bai zauna ba.

Na je jana'iza. Matan zumunta sun yi waƙa cikin zanensu iri ɗaya, amma sau biyu suna farawa suna tsayawa, kowace tana jiran wata ta ɗaga.

Mako biyu ban shiga ɗakin gwaji ba. Da na koma, da rana ne tsaka, kowa ya tafi cin abinci. Dattijon ya jona kayan da kansa, ya ce shi zai karanta mita ni in juya. Na buɗe littafinta, ga rubutunta mai karkata ya tsaya a layi na shida.

Na fara juyawa. Sautin ya tashi, ya sirance, ya cika ɗakin. A daidai wurin nan na ji wata murya ta hau kansa, ta hanci, daga bayan kafaɗata ta hagu inda take tsayawa. Ban waiwaya ba. Hannuna ya ƙi barin maɓallin. Na san abin da littafi zai ce, gilashin taga ne ko ƙofar kabad ke karkarwa. Amma muryar ta ja numfashi, ta ci gaba.

Dattijon ya miƙa hannu ya kashe na'urar. Ya daɗe yana kallon tebur.

"'Yata, rubuta lambar da allura ta nuna, mu tashi."

Ban tambaye shi ko ya ji ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba har ya yi ritaya. Na miƙa rahoton da sunayenmu biyu. Malamin darasin ya zagaye nata da jan biro, sai ya fasa soke shi, ya ba mu maki iri ɗaya.

Bayan jarrabawa na kai littafin gidanta. Mijinta yana gonar citta, babbar 'yarta na samu tana wanke tukwane. Ta goge hannu a zane, ta buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye ni ko mamanta ta iya karatun. Na ce ta fi mu duka. Ta kai littafin ɗaki, ta fito mini da ruwa, muka zauna a gindin mangwaro har babanta ya dawo.